Riyalai uku daga kufan kakanni: in sayar, in ajiye, ko in yi cigiya?

Na Bakin Kogi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen manya da masu sani. Ɗan baffana ya dawo daga wajen haƙar dahab, wato zinariya, a Abu Hamad ta arewacin Sudan da jihaz ɗinsa, na'urar neman ƙarfe a ƙasa, zai yi wata guda a gida. Ranar Talata bayan asuba na roƙe shi muka tafi kufan da ke gabas da gonarmu, nan kusa da Mai Wurno, inda tsofaffi ke cewa an taɓa zama kafin ruwa ya kori mutane su hau tudu. Tun hantsi har rana ta take babu abin da muka samu sai ƙusoshi, guntun lauje, murafan gwangwani da wani tsohon kwaɗon akwati. Har mun fara haɗa kaya, sai ya kai faifan jihaz ɗin gindin wani kututturen tsamiya, jihaz ya yi wani kuka siriri mai tsafta, ba irin gurnanin da yake yi wa baƙin ƙarfe ba. Muka tona kamar taƙi ɗaya da ɗan wani abu, sai ga tsingaro, ƙarƙashinsa kuɗi uku manne da juna, baƙi ƙirin. Biyu iri ɗaya ne: hoton wata mace mai jiki da mayafi, a baya tsuntsu mai kai biyu, an rubuta 1780. Ɗaya daga cikinsu an huda shi a gefe. Na ukun rubutun Larabci ne, ya yi kore-kore. Wani mai shago a kasuwar Sinnar ya ce in kawo ya auna ya biya ni kuɗin azurfa. Tambayata: da gaske sun haura shekara 240? In wanke su? Kuma halal ne in ci kuɗin?

Maƙerin Fari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai: kada ka wanke. Kada ka sa toka, kada ka sa lemun tsami, kada ka goga da yashi ko soson ƙarfe. Ruwa kawai ka jiƙa su a ciki, ƙasar ta saki da kanta, ka shanya a kan tsumma mai laushi. Baƙin nan da kake gani ba dauɗa ba ne, rigar da azurfa ke sawa ce in ta daɗe, kuma wanda ya san kaya ita yake fara dubawa. Ka goge ta, ka mayar da abin tarihi guntun ƙarfe.

Masu hoton macen nan riyalin Mariya Tariza ne, sarauniyar Ostiriya. Mu a bakin maƙera Abu Nuƙɗa muke ce masa. Shekarar kada ta ruɗe ka. A 1780 ta rasu, amma mutanen Habasha da Yaman da Hijaz da ƙasarmu sun riga sun saba da shi, ba sa karɓar wanda aka sauya masa ko ɗigo, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar har yau. An buga a Biyana, an buga a Rum, da Landan, da Faris, har da Bombai ta Indiya. Naka zai iya zama na zamanin mulkin Turkawa a Sudan, zai iya zama na zamanin kakanka. Sabo fil nauyinsa giram 28 da ɗan ɗigo, kashi 83 cikin ɗari azurfa, sauran tagulla. Ka kai shi sikelin mai sayar da zinariya, ka tsaya a kansa ana aunawa. Ka kuma kara masa maganaɗisu, in ya kama to ba shi ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ko sikeli ba ya nema. Ɗora shi yake a kan ɗan yatsa ya ƙyasta da wani, ya kasa kunne. Na gaskiya amonsa dogo ne, yana ja kamar ƙararrawa. Na dalma tif yake yi ya mutu.

Tsohon Ɗan Dahab:
Ma sha Allah, yaya, ka taki sa'a. Ni dai shawarata ka koma tun jihaz bai bar gari ba. Inda aka sami uku, tulun yana kusa. Wane iri ne na ɗan baffan naka?

Na Bakin Kogi:
Minelab ne, GPX 4500, wanda kowa ke yawo da shi a arewacin Sudan.

Tsohon Ɗan Dahab:
To ai shi ya sa kuka wuni tonon ƙusa. Wannan an yi shi ne don neman dahab a ƙasa mai duwatsu, yana nitsawa ƙasa sosai amma bai iya zaɓe ba, kusan kowane ƙarfe kuka yake masa. A kufai, inda ƙusa da gwangwani suka fi ƙasa yawa, ƙaramin jihaz mai nuna lamba a fuska ya fi shi amfani, don yana raba baƙin ƙarfe da azurfa. Azurfa lambarta can sama take. Abin da ke ruɗi shi ne alminiyam, gwangwanin lemo da aka take yakan yi kuka sak irin na riyal. Ka riƙa tafiya a hankali, faifan dab da ƙasa, kowace sharar ta hau rabin ta baya. In ya yi kuka ka juya ka sake bi ta gicciye, in kukan bai sauya ba sannan ka tona. Kuma ƙwaya ɗaya ta kuɗi ba a jin ta daga nesa, taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne iyakarta. Duk wanda ya ce maka yana da na'ura mai sanduna biyu da ke hango tulu daga mita goma a ƙasa, kuɗinka yake hange. Ni kaina an taɓa sayar mini da irinta a wata kasuwa, kuɗin awaki shida na zuba, wata uku ina bin sandunan nan ba su nuna mini ko allura ba. Da na koma, mai shagon ya ce ai jinina ne bai dace da ita ba.

Malamin Makaranta:
Ni na ukun nan ne ya tsaya mini a rai. Na Bakin Kogi, ka duba da kyau a hasken rana, me kake iya karantawa?

Na Bakin Kogi:
Malam, bayan ya kwana a ruwa na ga "duriba fi Umdurman" a gefe ɗaya. A ɗaya gefen akwai kalma a cikin wani zane mai lauje-lauje, limaminmu ya ce "maƙbul" ce. Shekarar ta goge.

Malamin Makaranta:
To wannan kuɗin Mahdiyya ne, na zamanin Halifa Abdullahi magajin Mahadi, tsakanin 1885 da aka ci Khartum da 1898 da aka yi yaƙin Karari. Koren da ka gani tagulla ce. Da farko da azurfa mai kyau aka buga su, amma da baitulmali ya shiga matsi aka yi ta rage azurfar ana ƙara tagulla, har ya zama 'yan kasuwa na ƙin karɓa sai da tilas, suna ɓoye Mariya Tariza da Majidi, riyalin azurfa na Turkawa. A wajen mai sikeli wannan shi ne mafi arha cikin ukun. A wajena shi ne mafi tsada, ga dalili.

Kowa a nan ya san asalin Mai Wurno. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin kogin nan wajen 1906. A lokacin kuɗin Halifa ya riga ya mutu, ba ya sayen ko ƙwayar dabino. To wa zai haɗa mataccen kuɗi da riyalai biyu masu rai ya binne su tare a ƙarƙashin tsingaro? Ko dai wanda ya binne ya riga mutanen Burmi zuwa ƙasar, irin mutanenmu da suka zo tun zamanin Mahadi suka zauna a Umdurman, ko kuma ya riƙe shi ne don ƙauna, ba don ciniki ba. Wannan tambayar ba ta taso ba sai don an same su tare, a gindin wannan tsamiyar, a wannan zurfin. Da an raba su, an sayar da biyu an jefar da ɗaya, shi ke nan ta tafi. Shi ya sa ban goyi bayan a koma a yi ta tona ba. Ka ɗauki hoton ramin, ka rubuta ranar, ka auna taku nawa ne daga kututturen, ka adana tsingaron ma.

Kuma akwai doka. Dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta ce abin da ya kai shekara ɗari kayan tarihi ne, na ƙasa ne ko a gonar wa aka same shi, kuma wanda ya tsinta ya sanar da hukuma. Na Halifa dai babu shakka ya shiga ciki.

Manomin Gadarif:
Malam, da girmanka, amma a nan ba na tare da kai. A sanar da wa? Gidan kayan tarihi na ƙasa da ke Khartum, mai katanga da masu gadi, ba a idonmu aka wawashe shi a yaƙin nan ba? Yaro ya tsinci abu a kufan kakanninsa, buhun dawa ya gagari mutane, sai a ce ya ɗauka ya miƙa wa ofis? Ni na ce ya sayar da biyun ya sayi iri da man tarakta, ya ajiye na Halifa in yana so.

Malamin Makaranta:
Alhaji, zafin da kake ji ina jin sa. Ma'aikatan hukumar kayan tarihi su ma kuka suke kan abin da ya sami gidan, ba su suka kwashe ba. Amma ka tuna Jabal Maraga a hamadar Bayuda. A 2020 masu neman dahab suka shiga da motocin haƙa, suka fafe wurin da ya yi kusan shekara dubu biyu, suka bar rami. Kowannensu da uzurinsa na yunwa. Ba na kwatanta ɗanmu da su, Allah ya kiyaye. Abin da nake tsoro shi ne labari ya bazu a hilla, wato ƙauye, cewa akwai tulu a kufai. Kwana uku ya isa samari su mai da wurin kamar gidan gara, har da maƙabartar da ke gefensa.

Manomin Gadarif:
Maganar maƙabarta gaskiya ce, wannan na sallama. Amma ta ofis har yanzu ina nan a kan bakana.

Uwar Marayu:
Ku yi haƙuri in katse ku. Duk kuna maganar riyal, ba wanda ya yi maganar abin da yaƙi ya bari a ƙasa tun 2023. Jihaz bai san bambancin tulu da dana, wato harsashin igwa da bai fashe ba, kuka ɗaya yake yi musu. A unguwar da muka yi gudun hijira wani yaro ya tono wani ƙarfe a bayan makaranta yana son kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, yau ba shi da yatsu uku. Don Allah duk wurin da sojoji suka taɓa sauka, ko aka yi harbi, ko aka ga kwanson harsashi, kada wanda ya kai jihaz. In kun ga ƙarfe mai tsawo ko mai fiffike a wutsiya, kada ku taɓa, ku sa alama ku ja baya ku gaya wa hukuma.

Tsohon Ɗan Dahab:
Inna ta faɗi gaskiya, kuma ni ya kamata in fara faɗa. Na janye maganar komawa har sai an tabbatar ba a yi faɗa a wajen ba.

Na Bakin Kogi:
Kufan namu dai ba a sauka a cikinsa ba, garma ta bi gefensa damina biyu. Amma na ji, inna, kuma na gaya wa ɗan baffana.

Almajirin Zaure:
Saura tambayar halal, kuma ita ce ta fi nauyi. Mutane da yawa da sun ji an tono kuɗi sai su ce rikazi ne, a fitar da humusi a ci sauran. Hadisin ya inganta, yana cikin Buhari da Muslim, cewa a cikin rikazi akwai ɗaya bisa biyar. Amma malamanmu na Malikiyya sun fayyace: rikazi shi ne abin da mutanen jahiliyya suka binne. Abin da aka gane binnewar Musulmi ce, hukuncinsa na tsintuwa ne, a yi cigiya shekara guda, a nemi mai shi ko magadansa. To a nan me muke da shi? Riyal biyu masu hoton sarauniyar Nasara, wani zai ce ai ga alamar waɗanda ba Musulmi ba. Sai dai an same su manne da kuɗin da aka buga a Umdurman, a kufan da kowa ya san Musulmi ne suka zauna, kuma ba a fi 'yan kakanni kaɗan ba. Hoton da ke jikin kuɗi ba ya nuna wanda ya binne, don Musulmi ne suka fi kowa riƙe wannan riyalin. A fahimtata wannan tsintuwa ce. Ka je wa alƙali ko babban malamin garinku da su a hannu, amma kafin nan ka fara tambayar tsofaffi gidan wa ke gindin tsamiyar.

Manomin Gadarif:
Allah gafarta malam, cigiyar abin da ya shekara ɗari a ƙasa? Wa zai amsa?

Almajirin Zaure:
Alhaji, mu da muke ƙirga kakanninmu har Sakkwato da Haɗeja da Katagum? Gado ba ya ruɓewa. In an yi cigiya ba a samu ba, sannan a yi maganar abin da za a yi da shi.

Hajiya ta Makka:
Tun jiya nake karanta ku ina share hawaye. Mu a nan riyal Faransi ake ce masa, ko da yake ba na Faransa ba ne, kuma da shi ake ciniki a Hijaz da Najadu kafin Sarki Abdul'aziz ya buga nasa riyalin azurfa a 1928. Kakata ta wajen uwa da ƙafa ta zo. Ta ce daga Kano suka bi Barno, suka bi Wadai, suka shiga Darfur, suka yi damina biyu a Ubayyid suna noma, suka yi wasu shekaru suna tsinkar auduga a Jazira, sannan suka sami kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Shekara bakwai a hanya. Duk abin da suka tara, riyal suke mayar da shi, don shi ne kuɗin da ba ya mutuwa in an tsallaka iyaka. Maza su ɗinke a cikin ɗamara, mata su huda su rataya a wuya ƙarƙashin riga. Wanda aka huda ɗin nan naka, ɗana, ina kyautata zaton a ƙirjin mace ya kwana. Ka duba bakin hudar, in ya yi santsi ya ɗan ja sama to igiya ce ta cinye shi shekara da shekaru.

Kuma ta ce mini wanda zai tsallaka teku ba ya tafiya da komai nasa. Yakan binne wani abu a inda ya bar iyali, na komowa. Wasu sun komo sun tone. Wasu suna nan kwance a Makka da Madina. Don Allah kada ka bari a jefa shi a wuta.

Maƙerin Fari:
Hajiya, kin taɓa ni a inda ke ciwo. Da hannuna na narka irinsu ba adadi, na yi munduwa da zobba da ƙarau na amare, don azurfarsa tana da daɗin aiki kuma mun yarda da ita. A lokacin ba wanda ya ce mana tarihi ne. Yau in aka kawo mini wanda ya fito daga ƙasa ba na sa shi a kasko. Kuma ɗana, ka sani, azurfar da ke cikin kowane ɗaya giram 23 ce da 'yan kai. Ka tambayi farashin giram a ranar, ka lissafa da kanka. Ba kuɗin da zai sauya maka rayuwa ba ne, an buga ɗaruruwan miliyoyinsa. Mai shagon da ya ce ka kawo ya auna, zai cire maka na tagulla, ya cire na huda, ya cire na dauɗa, abin da zai rage ba zai kai ka ƙarshen wata ba.

Na Bakin Kogi:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Ga inda aka kwana. Na kai su sikeli na tsaya a kai: mara huda giram 27.6, mai huda 27.1, maganaɗisu bai kama ko ɗaya ba. Hajiya, bakin hudar ya yi santsi kamar yadda kika ce, har ya zama kamar ƙwayar kankana.

Jiya bayan la'asar na je wajen yayar kakana, ita ce mafi tsufa a hillarmu, idonta ya tafi amma hankalinta garau. Ban gaya mata komai ba na sa mata mai hudar a tafin hannu. Ta shafa shi da babban yatsa, ta bi gefensa, ta sa farce a hudar, ta ce "wannan Abu Nuƙɗa ne, ina ka samo?" Da na ce gindin tsamiyar kufai, ta yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce ita ba ta riski zaman wurin ba, amma tana yarinya in sun je itace uwarta kan nuna tsamiyar ta ce nan ne gidan wani malami mai rini, wanda ya tafi hajji da matarsa ya bar 'ya ɗaya wajen maƙwabta, ba su dawo ba. 'Yar an aurar da ita, an tafi da ita wajen Gadarif. Sunan malamin ya ɓace mata, amma ta riƙe laƙabin 'yar da sunan hillar da aka kai ta. Ba zan rubuta su a nan ba.

Ban sayar ba, ban goge ba. Na naɗe su a tsumma tare da tsingaron na ba limaminmu ajiya, shi zai yi sanarwa ranar Juma'a ba tare da ya faɗi wurin ba. Ramin mun mayar mun daddale. Malam, na yarda ka turo mini yadda zan sami ma'aikacin hukumar da ke kula da yankin Sinnar, aƙalla ya ga hoton na Halifa ya rubuta inda ya fito.

Manomin Gadarif:
Turo mini sunan hillar ta waya. In wadda nake zato ce, ba ta fi tafiyar awa ɗaya daga gonata ba, kuma akwai tsofaffi biyu a can da suka san kowane gida. Ranar kasuwa zan shiga.

Hajiya ta Makka:
Ni ma a turo mini laƙabin. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da iyayenta suka zo daga Mai Wurno, zan je mata bayan magariba.